Na yi ritaya da labari a rubuce: ban makara ba, kuma ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, bara na yi ritaya bayan shekara 35 ina koyarwa, yanzu shekaruna 59. Tun ina aiki nake rubuta wani labari a littattafan rubutu, sun kai guda huɗu masu falle 80. Labarin wata yarinya ce da aka cire daga makarantar kwana aka yi mata aure, ta zauna da kishiyoyi, daga baya ta koma karatu. Ina so in buga shi da kuɗin garatutina, amma ban san kowa a harkar ba, kuma ina jin nauyin a ce dattijuwa kamar ni ta shiga sahun yara masu rubutun soyayya. Shin ban makara ba? In ban makara ba, ta ina zan fara, kuma kwafi nawa zan buga?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah Ya sanya albarka a hutun da aka samu, Ya saka da alheri kan shekarun da aka kwashe ana koyar da 'ya'yan jama'a. In na fahimce ki, abu uku ne a dunƙule cikin tambayarki: ko lokaci ya wuce, ko mutuncinki zai taɓu, sai kuma hanyar da rubutun hannu yake bi har ya zama littafi mai bango. Sana'ata gyaran rubutun marubuta ce da tsara shafuka kafin a kai maɗaba'a, kuma dattawa masu irin tambayarki sun sha zama a gabana da jakar takardunsu. Ba ki makara ba ko kaɗan. Abin da nake jiye miki daban ne, wato gaggawar kai rubutun maɗaba'a saboda garatuti yana hannu, alhali labarin bai gama nuna ba. A nan ne masu shekarunki suka fi yin asara, don haka a nan zan fi daɗewa.

Shekaru da jin nauyi

A 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ne, amma yayansa Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya haura 40. Wanda ya karanta littafin zai ga amfanin shekarun nan, domin zuwan Turawa da yaƙe-yaƙen da ya bayar da labarinsu yana yaro aka yi su, ya kuma zauna da mutanen da suka gani da idonsu. Ke ma kina riƙe da irin wannan jarin. Kina ƙarama aka bar fam da sule aka koma naira a 1973, kin ga yadda shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya shiga gari da ƙauye, kin san akwatin ƙarfe da kwanon abinci na makarantar kwana, kin san abin da ake cewa a tsakar gida in yarinya ta dawo hutu ƙirjinta ya fara cika. Yarinya 'yar shekara 22 da ke rubutu a waya tana da kuzari da sanin abin da tsararrakinta ke so, amma waɗannan abubuwa sai dai ta ji a bakin wani. Ke kin rayu a cikinsu, kuma mai karatu yana rarrabe rubutun wanda ya gani da na wanda aka ba labari tun a shafin farko.

Maganar jin nauyi kuwa, na fahimce ta, ban kuma raina ta ba. Sai dai rubutun mata a ƙasar nan ba yara suka faro shi ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Hausa da Fulatanci da Larabci, kuma mata dattawa ne suka riƙa ɗaukar waƙoƙinta suna kaiwa ƙauyuka. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980 bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? kan jigon da ya yi kusa da naki. Wannan na ƙarshen ina so ki neme shi ki karanta kafin ki taɓa naki, don ki san abin da aka riga aka faɗa da abin da ke kaɗai za ki iya ƙarawa. In har yanzu zuciyarki ba ta natsu ba, kina iya sa sunan alƙalami, marubuta mata da yawa sun yi haka. Ni dai ban ba ki shawarar hakan ba, domin sunanki da shekara 35 na ɗalibai su ne babbar kasuwarki, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Buga littafi da kuɗin kai ma ba alamar an ƙi rubutun mutum ba ce a wurinmu. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta, sai marubuta suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed da ya fito a 1984 yana cikin na farko-farko, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka biyo baya a Kano, har aka sami abin da masana suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. Galibin littattafan Hausa da kika gani a hannun ɗalibanki ta wannan hanyar suka fito. Illarta guda ce, kuma babba: babu mai tsayawa a ƙofa ya ce wannan rubutu bai isa fita ba. A kamfani akwai edita da zai dawo miki da shi sau uku. A nan kuwa, in kina da kuɗi, gobe ma a buga. Mai maɗaba'a kamar tela yake, yadin da kika miƙa masa shi zai ɗinka. Aikin da edita zai yi a kamfani, ke ce za ki nemo wanda zai yi shi ki biya.

Kafin a je maɗaba'a

Matakin farko, tun kafin komai, a yi wa littattafan nan huɗu fotokwafi ko a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye a wani gida daban. Na ga rubutun shekaru da ruwan damina ya ci, na ga wanda aka bai wa mai shagon kwamfuta ya ɓatar da littafi ɗaya daga tsakiya. Kada ainihin rubutun ya bar hannunki, kwafin za ki bayar. Sannan a shigar da shi kwamfuta. In da hali ki yi da kanki ko ki zauna kusa da jika ko tsohuwar ɗaliba kina karanto mata, domin a lokacin ne kunnenki zai fara kama wuraren da suka yi tsawo. Littattafai huɗu masu falle 80, in an cika su da matsakaicin rubutu, za su ba da kalmomi wajen 70,000 zuwa 80,000. Wannan cikakken littafi ne, ya ma fi abin da ake bukata.

Akwai wani ƙaramin abu a nan da yake jawo babban ɓacin rai, shi ne haruffa masu ƙugiya. Shaguna da yawa har yanzu suna amfani da tsofaffin nau'o'in rubutu irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa Hausa hidima sosai a zamaninsu. Matsalar ita ce in aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da babu su, ko aka tura shi waya, sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Ki ce a yi miki da haruffan Unicode, irin waɗanda allon rubutun Hausa na waya yake fitarwa. Gwajin mai sauƙi ne: a tura miki shafi ɗaya ta WhatsApp a matsayin saƙo, in ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, an yi daidai.

Bayan nan ne ainihin aikin zai fara, wato sake rubutu. Daga abin da na gani, dattawan da suka zo da littafin farko cuta biyu ce take damun rubutunsu, kuma dukkansu daga kyakkyawar niyya suke tasowa.

Ta farko wa'azi ce. Wanda ya shekara 35 yana gaban allo ya saba bayani, ya saba tabbatar da cewa na bayan aji ma ya gane. A labari wannan ɗabi'ar takan tsayar da tafiya. Sai ki ga an kawo faɗan kishiyoyi a layi uku, a biyo shi da shafi biyu na nasiha kan illar kishi. Ki kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Uwargida ta kasance mace mai tsananin kishi da rashin tausayi, wanda hakan mummunan hali ne da bai dace da mace ta gari ba." Na biyu: "Ranar girkin amarya, uwargida ta zo ta tsaya a bakin murhu, ta buɗe tukunya ta ƙirga naman da ludayi, ta rufe, ta ce, 'Takwas ne, na dai gani,' ta koma ɗaki." A na biyun ba a ambaci kishi ba, amma duk macen da ta karanta sai ta ji abin a ƙirjinta. Darasin da kike son isarwa kan karatun 'ya mace zai isa da ƙarfi in kika bar mai karatu ya tsaya tare da yarinyar a ofishin shugabar makaranta, yana ganin kawunta ya zo da takardar tafiya da ita, ita kuma tana riƙe da littafin lissafin da ba ta gama aikin cikinsa ba. Ki bi rubutun da jan biro, duk inda kika ji muryar malama ta danne muryar mai ba da labari, ki yi masa alama. Ba duka za a cire ba, domin masu karatun Hausa suna son ɗan tsokaci nan da can, amma kaso mafi yawa zai tafi.

Wani reshe na wannan cutar shi ne farawa daga nesa. Babi na ɗaya asalin kakanni, babi na biyu haihuwa da suna, labarin bai motsa ba sai shafi na 40. Ki fara daga ranar da rayuwar yarinyar ta juya, asali da dangantaka su riƙa shigowa kaɗan-kaɗan a inda ake bukatarsu. Haka kuma uwargidan nan, kada ta zama muguwa zalla daga farko har ƙarshe. Shekarunki sun nuna miki cewa ita ma akwai abin da ya mayar da ita haka, wataƙila ita ma an taɓa ƙirga mata nama. Wannan fahimtar ita ce abin da ƙuruciya ba ta cika bayarwa ba, kada ki bar ta a waje.

Cuta ta biyu ita ce kwafo rayuwa yadda take. Ban tambaye ki ba, amma labari irin wannan da wuya a ce babu ke a ciki, ko yayarki, ko aminiyarki. Wannan ba laifi ba ne, daga nan labarai masu rai suke fitowa. Sai dai sauya suna kawai ba ya ɓoye mutum. In kishiyar tana da ɗingishi, mijin direban babbar mota ne, gidan yana bayan masallacin Juma'a, duk garin zai gane, kuma 'ya'yan matar nan suna raye, wataƙila jikokinta suna wasa da naki. Bayan ɓacin zumunci, ɓata suna magana ce da kan kai kotu. Ki sauya gari, ki sauya sana'a, ki haɗa halayen mutum biyu ko uku su zama mutum ɗaya, ki ƙirƙiri abin da bai faru ba. Za ki ga labarin ma ya ƙara kyau, domin rayuwa tana da maimaici da dogon zaman da babu abin da ke faruwa, labari kuwa ba ya jure haka. Hujjar "ai haka abin ya faru" ba ta isa ta riƙe babi a cikin littafi ba. In akwai wurin da kika ga dole sai an gane wani, wannan ya wuce hurumina, lauya za ki nuna wa.

In kin gama zagaye na biyu, ki ba mutum uku ko huɗu su karanta, kada kuma su zama 'ya'yanki kaɗai, domin kunya da ƙauna ba za su bar su su faɗi gaskiya ba. Ki nemi tsararki guda, da matashiya mai yawan karatun littattafai, da wani malamin Hausa. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, kowa zai ce ya yi. Ki tambaye su a wane shafi suka ajiye shi suka tashi, wane mutum ne a ciki ba su yarda da shi ba, ina ne suka rikice. Inda biyu suka yi ƙorafi a wuri ɗaya, akwai gyara a wurin.

Sai edita. Gyara hawa uku ne: gyaran ginin labari, gyaran harshe jimla bayan jimla, sai duba kurakuran bugu bayan an tsara shafuka. Ki tambayi duk wanda ya ce zai gyara miki wanne zai yi daga ciki, ki ba shi babi ɗaya gwaji kafin ku yi ciniki. Kasancewarki malama ba ya ɗauke bukatar wannan, domin ido ba ya ganin kuskuren rubutun da ya saba da shi. Kurakuran da suka fi yawa na raba kalma ne da haɗe ta: "shine" a maimakon "shi ne", "ya na" a maimakon "yana", "gidan su" a maimakon "gidansu", da rikita "a kan" da "akan". Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 zai yi miki amfani a kan tebur. Abu ɗaya da za ki hana edita: in mutanen labarinki Sakkwatawa ne ko Katsinawa ko Zage-zagi, kada ya goge karin harshensu a cikin zance. Bayanin marubuciya ya tafi da daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwar da ke cewa "mi kaka hwaɗi" a bar ta ta faɗa yadda take faɗa. In za a kashe kuɗi a wuri ɗaya ba tare da ƙyashi ba, a kan gyara ne.

Maɗaba'a da adadin kwafi

Kafin bugu ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bango, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda yake da rassa a jihohi. Ki nema da kanki ko ki tabbatar an karɓo ta don littafinki, domin akwai masu manna lambar da aka riga aka yi amfani da ita a wani littafin. Bayan bugu doka ta ce a kai musu kwafi 3. Haƙƙin mallaka kuwa naki ne tun daga ranar da kika rubuta, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare shi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato gado ne da 'ya'ya da jikoki za su ci. Kina iya yin rajistarsa a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya don ƙarin hujja. In a Kano za ki buga ko ki sayar, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar tana da hurumi kan littattafai, sai ki je ki ji ƙa'idarta tun kafin a kunna inji.

Littafinki in an rage shi zuwa kalmomi 60,000, a girman A5, wato rabin takardar fotokwafi ta A4, zai kama shafi 200 zuwa 240. A da sai a raba irinsa kashi uku ko huɗu sirara a ɗinke su da wayar ƙarfe a tsakiya, don mai saye ya dawo neman na gaba. Ke ki yi shi dunƙule guda. Ki nemi farar takarda mai nauyin giram 70, ko 60 in kuɗi ya matsa, ki guji takardar jarida mai yin ja ta kakkarye bayan 'yan shekaru. Bango a sa masa leda. Ɗauri kuma, in za a ɗinke da zare sannan a sa gam ya fi, domin gam kaɗai in ba mai kyau ba ne zafin bazara yana sa shafuka su zube. Girman haruffa kada ya gaza lamba 12, masu karatunki na farko da yawansu da tabarau suke karatu.

Hanyar bugu biyu ce. Babban inji mai amfani da faranti yana da tsadar farawa, amma kowane kwafi yana araha in adadin ya yi yawa, shi ya sa mai maɗaba'a zai ce miki 1,000 ya fi riba. Ta fuskar lissafin kwafi ɗaya gaskiya ya faɗa. Sai dai kwafin da ba a sayar ba asara ne komai arahar sa, kuma na sha shiga ɗakunan da katan-katan na littattafai suke jibge a bayan ƙofa, gara da danshi suna ci. Hanya ta biyu injin da ake kira DI ne, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Kwafinsa ya fi tsada, amma kina iya buga 50 ko 100. Shawarata ki fara da 200 zuwa 300. In sun ƙare ki sake, a lokacin kin gyara kurakuran da masu karatu suka nuna miki, kin kuma san ainihin girman kasuwarki.

Farashi yana bin kuɗin takarda, takarda kuma tana bin dala, don haka ki karɓi lissafi a rubuce daga maɗaba'u uku a mako guda, da bayani iri ɗaya: girma, shafuka, nauyin takarda, irin ɗauri, adadi. Ki ce kowa ya nuna miki littafin da ya taɓa yi, ki buɗe shi sosai ki ga ko zai ɓalle. Kada ki biya duka a farko. Ki ba da kafin alƙalami, a fitar miki da kwafi ɗaya na gwaji ki karanta daga bango zuwa bango ki sa hannu, cikon kuɗi sai ranar da kika ƙirga kayanki kika zaro daga katan daban-daban kika duba. A rubuta a yarjejeniya cewa fayil ɗin da aka tsara da na bango naki ne za a ba ki, kuma ba a buga ko kwafi ɗaya a kan adadin da kika ce ba. Wajen sa farashin sayarwa, in misali kwafi ya tsaya miki naira 1,500, sayar da shi 2,000 faɗuwa ce, domin mai shago zai cire kasonsa, ga kuɗin mota, ga waɗanda za a bayar kyauta, kuma za su fi yadda kike zato yawa. Ninki biyu da rabi zuwa uku ne yake fitar da mutum.

Game da garatuti, ki ware abin da in bai dawo ba ba zai taɓa cinki da maganinki ba, ki tsaya a kansa. Littafin farko da wuya ya yi riba. In ya mayar da kuɗinsa, an yi nasara.

Yadda zai isa hannun mutane

Kasuwar da ta ɗauki marubutan 1990, ta dillalan Sabon Gari da shagunan hayar littattafai, ta ja baya sosai tun da karatu ya koma waya. In kin ba mai shago, ki ba da kaɗan, a rubuta, in ya kawo kuɗin sannan ki ƙara. Kuma duk wanda ya ce ki sayar masa da labarin ɗungurungum ya ba ki kuɗi hannu, ki ƙi. Marubuta da dama sun yi haka a baya, littafi ya karɓu, ana ta sake bugawa ba su da ko sisi a ciki.

Kasuwarki ta gaskiya mutanen da suka san ki ne: ɗaliban da kika koyar waɗanda yanzu wasu likitoci ne wasu shugabannin makarantu, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarku, abokan aiki, matan Islamiyya. Mutum 200 daga cikin waɗannan ba abu ne mai wuya ba. Bikin ƙaddamarwa yana taimakawa in an yi shi daidai ƙarfi, a zauren makaranta, da mai sharhin da ya karanta littafin da gaske. Kada ki ci bashi don shi, kada kuma ki sa alƙawuran da aka yi a lasifika cikin lissafinki sai sun shigo hannu. Ki kai kwafi sassan Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, domin ɗalibai kullum suna neman sabon littafin da za su yi nazari a kansa, kuma ta haka suna yake zama. Ki shiga reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, na jiharku, a nan za ki haɗu da editoci da masu zanen bango, ki ji wace maɗaba'a ce take cika alƙawari. Akwai kuma gasanni, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don gajerun labaran mata, da gasar Cibiyar Gusau da ke Kaduna. Ki karanta sharuɗɗan kowace da kyau, domin wasu suna iyakance shekaru, wasu kuma ba sa karɓar abin da aka riga aka buga, wanda hakan kan iya sa ki jinkirta bugu har sai kin gwada.

Intanet kada ki guje ta. Ki sa babi biyu ko uku kyauta a Facebook ko WhatsApp don a ɗanɗana, akwai kuma manhajoji irin su ArewaBooks da ake sayar da littattafan Hausa a ciki. Amma kada ki tura wa kowa cikakken PDF, ko aminiya ce, domin in ya fita sau ɗaya ya zama na kowa. Ki riƙe fayilolinki a wurinki koyaushe, a imel da kuma filasha. Okadabooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Masu karanta littattafai a YouTube da gidajen rediyo su ma hanya ce mai kyau, musamman ga matan da ba su yi boko ba, waɗanda labarinki ya fi shafa. Sai dai a yi da izininki a rubuce, a faɗi abin da za ki samu da tsawon lokacin izinin.

Duk wannan na faɗe shi ne ban ga rubutun ba, saboda haka hukuncin ko gyara kaɗan yake bukata ko sake gini sai an karanta. Ki ba kanki wata shida zuwa shekara daga yau zuwa ranar da za a kai maɗaba'a, kuɗin kuma ya zauna a inda yake. In an gama shigar da shi kwamfuta, ki aiko da babi uku na farko da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, in duba in faɗa miki wane irin gyara za ki nema. Allah Ya ba da sa'a, Ya ƙara lafiya.